Hoton da Goggo Yelwa Ta Ƙi Faɗin Sunansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, da hantsi, ina cikin aji a Gusau, wani direban motar Tsafe ya leƙo ta taga ya yafito ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce Goggo Yelwa ta cika bayan sallar asuba, kuma an ce a shaida mini ana jirana. Na ajiye alli, na hau babur, ban ko biya gida ba. Duk tsawon hanya abu ɗaya nake juyawa a raina: wace ce za a jinkirta wa jana'iza a wannan zafi na bazara don jiran malamin makaranta, wanda a takarda ba kowanta ba ne?

Goggo, ba a sanar da rasuwarki a rediyo ba, don ba ki da sarauta, ba ki da ɗa a gwamnati. Saboda haka bari in gaya wa waɗanda ba su san ki ba. Bafillatana ce ke daga rugagen wajen Rawayya. Kina da ƙuruciya kuturta ta kama ki, aka kawo ki asibitin kutare da 'yan mishan suka kafa a bayan garin Tsafe. Allah Ya ba ki lafiya bayan cutar ta rage miki yatsu, amma ba ki koma ruga ba. Kika zauna kina aiki a ɗakin yara, inda ake ware 'ya'yan majinyata don kada su ɗauka. A nan kika auri marigayi Manu, wanda shi ma ya warke, kika haifi Lami.

Ni Sule a wannan ɗakin yara na tashi. A katin da aka buɗe mini, wurin sunan uwa da na uba babu komai sai layi da aka ja. Sunan ma mai dafa abincin mishan ne ya laƙaba mini. Yau ina da mata da 'ya'ya, ina koyar da tarihin sarakunan Zamfara, ina jera wa yara wane ya haifi wane, amma in ɗana ya ce, "Baba, wace ce kakarmu?" sai in aike shi ɗebo ruwa. Na daɗe da zaton amsar tana bakinki. Abin da na nema a wurinki ke nan shekara da shekaru, kalma ɗaya, kuma da ita kika tafi.

Duk yaran ɗakin nan Goggo muke ce miki, kuma kowa kin san lagonsa. Da waɗannan guntayen yatsu kike dama fura wadda har yau ban sha irinta ba. Kina goya mai kuka, kina yi wa mai fitsarin kwance waƙar tsiya har shi ma ya yi dariya, kina kiran kowa da sunansa da kirarinsa. Ni kaɗai ba ki taɓa kiran sunana ba. In za ki aike ni sai ki ce wa wani, "Ce ma wanga shi kawo tsintsiya," alhali ina tsaye a gabanki. A iya tunawata, ba ki taɓa goya ni ba. Na tashi da yaƙinin cewa kin tsane ni, na sha kuka a bayan rumbu a kan haka. Abin da ya riƙa rikita ni shi ne ƙwaryata. Kullum in na kai ƙasan tuwo sai in tarar da man shanu a ɓoye, na kuma leƙa na sauran yara ban ga komai ba.

Da ƙyanda ta kwantar da ni, aka keɓe ni ɗaki ni kaɗai. Ba ki shigo ba ko sau ɗaya. Amma duk lokacin da na buɗe ido, ina hango bayanki a bakin ƙofa, kin juya wa ɗakin baya kina tsince wake, waken da bai ƙare ba sai ranar da na tashi. Haka kuma ranar da Malam Arzika, mai ba da magani a asibitin, ya ɗauke ni zuwa gidansa a Gusau don in yi karatu, kowa ya fito rakiya ban da ke. Aka ce kin tafi rafi da tulu, ba ki dawo ba sai da mota ta tashi.

Sai da na yi aure na kai miki Rabi gaisuwa sannan aka buɗe mini ido. Kika rungume ta, kika cika mata ƙwarya da kayan yaji, ni kuwa ko inda nake ba ki duba ba. A hanyar komawa na ce mata kada ta damu, haka kike da ni tun ina yaro. Sai Rabi ta ce, "Malam, wannan ba ƙiyayya ba ce. Haka innata take yi wa yayanmu. Kunyar ɗan fari ce." Na san al'adar kamar kowa, na san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta sakin fuska da shi, balle Bafillatana. Ban dai taɓa kawo ta a kaina ba, don an gaya mini ba ni da uwa, na kuma yarda.

A shekarar da gwamnati ta karɓi asibitin, Baturiyar da ta daɗe tana riƙe da shi, wadda muke kira Mai Allura, ta koma ƙasarsu. Ta bar miki wata adaka cike da hotunan da ta ɗauka tun zuwanta, da katunan majinyata, ta ce ki riƙe. Wataƙila ita ta faɗa ne kawai don ba ta da wurin sa ta a kayanta. Ke kuwa kika ɗauke ta amana. Kika ɗora ta kan duwatsu saboda gara, kika zagaye da toka, kika shimfiɗa ganyen dogonyaro a ciki, kina sauya shi duk kaka. Ɗigon ruwa ya sha jiƙa shimfiɗarki da damina, amma bai taɓa kaiwa ga adakar nan ba.

Ashe tarihin rabin ƙasar nan ne a ciki. Yawancin hotunan ba suna a bayansu, sunayen suna kanki. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa daga Magami, daga Bungudu, wasu a ɓoye don kada a ce danginsu sun taɓa kwanciya a gidan kutare. Ba zan manta da Lawali ba, wani manomi daga Kwatarkwashi, magidanci har da furfura, wanda ubansa ya rasu a asibitin yana cikin zanen goyo. Kika dube shi sau ɗaya, kika sa hannu a adaka, kika zaro hoton wani dogon mutum mai irin kunnuwansa. Lawali ya zauna da hoton nan a hannu tun hantsi har la'asar. Ya roƙi ki ba shi, kika ce ba naki ba ne balle ki bayar. Amma washegari kika sa na kai wa mai hoto a Gusau ya fitar masa da wani, kika kuma ja mini kunne ta bakin maƙwabciya cewa kada na asalin ya kwana a waje.

Wannan adaka ita ta ɗaure ki. Da ƙafa ta fara ba ki wahala, Lami ta yi ta roƙo ki koma gidanta a Bungudu, ga ɗaki, ga jikoki. Kika ce in kin tashi, masu zuwa neman iyayensu ina za su nufa? Haka kika ƙare kwanakinki a ɗaki ɗaya a bayan tsohon asibiti, wurin da kika shiga da niyyar shan magani ki koma gida.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Sakkwato, ofishin adana tarihi ya nemi malamai su tattaro tsofaffin takardu da hotuna na garuruwansu. Na karɓi na Tsafe, kuma Allah Ya sani ba don kishin tarihi kaɗai ba. Duk Asabar sai in zo, in zauna bakin ƙofa da fensir, ki zauna daga ciki. In miƙa hoto, ki yi magana kina kallon hoton, ba ni ba. Wannan wane ne, ɗan wance, daga ƙauye kaza, mai son rake, ya rasu shekarar fara. In rubuta a baya. Na ɗaukar wa kaina ƙa'ida, ba zan rubuta komai ba sai abin da ya fito daga bakinki. Ba ki taɓa yin kokwanto a kan fuska ɗaya ba, har da jarirai waɗanda a idona duk kamarsu ɗaya.

Sai hoto guda. Mai Allura ce a zaune tana riƙe da jinjiri, can gefe kuma wata yarinya siririya da kitson Fulani tana tsaye, ta juya fuska ga bango. Ranar da na fara miƙa miki shi, kin daɗe kina riƙe da shi, sannan kika ce, "Aje wanga, ɗauko wani." Na ajiye. Bayan wata biyu na sake cusa shi cikin wasu, kika gane, kika tura shi gefe da bayan hannu. Haka muka yi ta yi, ni ina kawowa, ke kina turewa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani. Ba na iya tambayarki kai tsaye, don hakan tsiraita ki ne. Ke kuma ba kya iya faɗa.

Asabar ɗin ƙarshe na same ki a kwance, Lami tana yi miki fifita. Na ga alamar lokaci ya ƙure. Na fito da hoton na ce, "Goggo, masu ofis sun ce kada a bar ko ɗaya ba suna." Kika juya fuska ga bango, daidai yadda yarinyar hoton ta yi. Can kika ce, "Lami, ce ma malamin ɗiya mata gare shi. Shi bar takarda ta huta." Na fita na tsaya a gindin dogonyaro na yi kukan da ban yi ba tun na bayan rumbu. A ranar na gane ba kunya kaɗai ta rufe miki baki ba. Kin ga yadda Lami ta daɗe a gida, masu nema suna zuwa suna komawa da zarar sun ji 'yar wace ce. Kin zaɓi in zauna ba asali, da a ce da 'ya'yana jikokin kuturwa.

Da na iso ranar Talata, na tarar an shirya ki tun ɗazu, mutane suna zaune cikin rana. Ƙanenki Buba, tsohon makiyayi da ya zo jinya daga Rawayya, shi ya hana a tashi. Aka yi salla, na bi sahun baya kamar kowane baƙo. A bakin kabari liman ya ce muharramanta su matso su karɓe ta. Buba ya waiwayo, ya ratsa mutane, ya kama hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya ce, "Shiga ka amshe ta." Na dubi liman, na dubi dattawan unguwa, ina jiran wani ya ce wannan ai ba muharrami ba ne. Ba wanda ya ɗaga kai. Ashe duk garin sun sani. Na shiga, aka miƙo ki, na kwantar da ke da hannuna, kuma ba ki da nauyi ko kaɗan.

Da muka koma, Buba ya zaunar da ni kan tabarmar masu karɓar gaisuwa. Da mutane suka ragu ya ba ni labarin ranar da ya rako ki asibiti da jinjiri a baya, bayan dangin mijinki na fari sun tashi da shanunsu sun bar ki. Ya ce Baturiya ta tambaye ki a gaban jama'a ko yaron naki ne, mene ne sunansa, wane ne ubansa. Suna biyu da ba za su taɓa fita daga bakinki ba, na miji da na ɗan fari. Kika sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, kika juya ga bango. Sai ta ɗauka tsintar yaron kika yi a hanya, ta ja layi a katinsa. Waɗanda ke wurin duk sun gane kuskuren, amma suka yi shiru, don a ganinsu gara a rubuta shi maraya. Na ce, "Baba, yaron fa, wane suna aka raɗa masa?" Ya ce, "Ba ni faɗin abin da ba ta faɗi ba."

Yanzu adakar tana ɗakina a Gusau, kan duwatsu, don kin bar wasiyya a ba malamin. Masu ofis sun aiko suna jira. Duk hotunan sun sami suna sai ɗaya. Na sha ɗaukar fensir in ajiye. In na rubuta, na karya ƙa'idata, na kuma sa wa 'ya'yana a takardar gwamnati abin da kika kwashe rayuwarki kina kare su daga gare shi. In ban rubuta ba, wata rana wani zai buɗe adakar nan ya ga yarinya ta juya wa jinjiri baya, ya ce ba ruwanta da shi. Inda kika tsaya shekara da shekaru, nan kika bar ni tsaye.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Yelwa. Ka sa cutar da ta ci yatsunta ta zama kankarar zunubanta. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka saka mata da kowane maraya da ta goya da kowane bawa da ta nuna wa fuskar ubansa. Ka tashe ta da cikakkun hannuwa, a gidan da ba a ware uwa da ɗa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Buba da dangi na Rawayya, ga Lami da maigidanta da yaransu a Bungudu, ga duk waɗanda suka tashi a ɗakin yara na Tsafe, duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙuri. Haka kuma ga ɗanki na fari, Inna, wanda ni ma ba zan faɗi sunansa ba.