Kwana Goma Sha Biyu Kafin Hoto Na Biyu

Sai da muka shekara uku da aure sannan na yi ɓatan wata. Lokacin ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, muna zaune a Kubwa, Abuja kuwa duk inda ka waiga gini ake ɗagawa. Wata safiya na yi gwajin ciki a gida na ga layi biyu. Ban iya haƙuri ba, kafin azahar na tari tasi zuwa wani ƙaramin asibiti a Wuse da aka ce sun kawo sabuwar na'urar hoton ciki.

Likitar ta shafa min wani abu mai sanyi a mara, ta daɗe tana kallon na'urar. Ta nuna min wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar wake, ta ce cikin ke nan, amma ba ta ga bugun zuciya ba. Ko dai na yi gaggawar zuwa, ko kuma cikin ya daina girma, zai iya zubewa. Ba za ta san ko wanne ne ba sai na dawo bayan kwana goma sha biyu.

Ni dai "cikin ke nan" kawai kunnena ya riƙe. Na fito ina murmushi har direban tasi ya tambaye ni ko ƙarin girma aka yi min. Maigidana ne ya sa na maimaita masa maganar likitar sau uku, sannan ya roƙe ni kada in gaya wa kowa tukuna, har mahaifiyarsa.

Kwana biyu na iya riƙe bakina. Akwai wata dattijuwa mai share ofishinmu, 'yar Paikon Kore, mai 'ya'ya biyar. Ta ga na ture kofin shayi ina yamutsa fuska, ta jingine tsintsiya ta ce da gurguwar Hausarta, "Madam, ka ɗauka, ko?" Na rufe ƙofa na zayyana mata komai. Ta ce nata biyu sun zube, biyar sun zauna, kuma babu wanda ta san makomarsa tun farko. Za ta sa ni a addu'a a cocinsu, ni ma in yi tawa.

Rana ta bakwai na ga ɗigon jini. Na kira likitar a waya, ta ce in kwanta in huta, idan ya ƙaru ko marata ta murɗa in zo nan take. Na yini ina kuka ina salati. Maigidana ya rasa abin yi, da na ce ina sha'awar lemo sai ya tuƙa har Zuba ya dawo da kwando guda. Washegari jinin ya tsaya.

Ranar komawa tare muka shiga. Likitar ta matsa nan, ta matsa can, sannan ta juyo mana da fuskar na'urar.

"Kun ga wannan mai ƙyaftawa? Zuciya ce. Lissafinki ne ya yi gaba da mako guda."

Na fashe da dariya har hoton ya riƙa rawa, ta ce in daure in tsaya ta gama awo. Maigidana ya tambaya ko saurin bugun bai yi yawa ba, ta ce haka ake so.

A mota ya kira mahaifiyarsa, ko gaisuwa bai yi ba ya faɗa mata. Ta sa shi ya koma ya gaishe ta tukuna, sannan ta rangaɗa guɗa. Da damina na haifi 'ya mace.