Ungozomar da Ta Ƙi Yarda da "Da Sauƙi"

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiya a shekarar 1957, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke ratsawa ba ya ko tsayawa, a gidan wani tela da ya shahara wajen ɗinkin kayan makaranta da kuma saɓa alkawari. Mahaifiyarta mace ce mai kawaici, irin wadda ko ƙaya ta taka sai ta gama gaisawa da kai kafin ta sunkuya ta cire. Marigayiya ita ce 'yarsu ta fari.

A shekarar 1968 mahaifiyar ta haifi ɗa namiji, kuma daga wannan haihuwa ba ta sake jin daidai ba. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa gagararta in ta kwanta. Amma duk wanda ya shigo ya ce mata "Yaya jiki?" amsa ɗaya yake samu: "Da sauƙi." Haka ta ce wa maƙwabta, haka ta ce wa mijinta, haka ta ce wa ma'aikacin lafiyar da aka kirawo, shi kuwa ya bar mata ƙwayoyin ƙarin jini ya hau kekensa. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, ta san uwarta a zaune take kwana, amma ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta san maganar tana da muhimmanci ba. Jaririn bai kai wata biyu ba uwar ta rasu. Tun daga lokacin yarinyar ta ɗauki ƙiyayya ta ɗora wa kalmar "da sauƙi."

Karatu

Gwaggonta ce ta riƙe ta da ƙanenta har ta kammala sakandare. A shekarar 1975 ta shiga makarantar koyon aikin jinya, daga bisani ta ƙara da ilimin ungozoma, ta fito a 1980 da sakamako mai kyau da kuma shaida guda daga malamanta: ɗaliba ce mai himma, amma tana da jinkiri a gaban gadon majinyaci. Dalilin jinkirin kuwa shi ne, idan majinyaci ya ce mata "da sauƙi," ba ta wucewa gado na gaba. Kujera take jawowa ta zauna, ta ce, "To, ban da sauƙin fa?"

Daga nan abokan karatunta suka laƙaba mata Sista Ban-da-Sauƙi, sunan kuwa ya zauna mata ta fuska biyu, domin a wajen aiki lallai ba ta da sauƙi. Har ta bar duniya da shi aka san ta.

Aiki

Ta fara aiki a ɗakin haihuwa na babban asibiti, inda ta lura cewa matan da suka fi faɗawa hatsari su ne waɗanda suka zo da ciki a kan wata tsohuwar cuta: ciwon suga, hawan jini, sikila, ciwon zuciya, wani lokaci biyu ko uku a jikin mace ɗaya. Irin wannan mace takan yi yawo daga ɗakin wannan likita zuwa na wancan, kowa ya duba nasa ɓangaren, kowa ta ce masa da sauƙi, ta koma gida da magungunan da ba ta san wanne ne na safe ba.

A shekarar 1991 ta nemi hukumar asibitin ta ba ta wuri domin masu doguwar jinya. Aka ba ta wani tsohon sito a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da fankar da ta fi iska ƙara. A nan take tambayar abin da ba a saba tambaya ba: me kika ci jiya, wa ke ɗebo miki ruwa, da filo nawa kike kwana, shin maigidan ya san sunan ciwonki? Takan kira miji ko suruka ta zaunar da su, ta bayyana musu cutar dalla-dalla, ta raba musu aiki. Layin ɗakinta ba ya tafiya, mata suna ta tsaki a baranda, amma ranar da aka ba su ba sa fashi. Likitan ƙoda, wanda ɗakinsa ke daura da nata kuma suka shafe shekaru suna aiki tare, yakan leƙo ya ce, "Sista, yau ma har sai kin ji sunan akuyarta za ki sallame ta?" Ita kuma ta ce, "In akuyar ce ke hana ta barci, ai dole." Da yawa daga cikin majinyatansa daga hannunta suka iso gare shi da wuri, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Aure da iyali

Ta yi aure a shekarar 1982 da wani malamin lissafi, mutum mai barkwanci, wanda yakan ce shi kaɗai ne magidancin da ba shi da ikon yin mura a asirce. Allah ya ba su 'ya'ya uku: Babba, sai Ta-tsakiya, sai Auta a 1989. A gidan ta kafa doka cewa ba a faɗin "da sauƙi" sai in da gaske ne, kuma yaran suka tashi a kan haka.

Auta tana 'yar wata takwas hannayenta suka kumbura, gwaji ya nuna sikila ce. Daga ranar marigayiya ba ta sake samun cikakkiyar natsuwa ba. Ta san wannan cuta ciki da bai, ta kuma san abin da take yi wa mata a lokacin goyon ciki, domin ta rufe wa wasunsu ido da hannunta. Ta raini Auta da ruwan sha a kai a kai, da rigar sanyi, da gidan sauro, da tsoron da ba ta bari kowa ya gani ba. Maigidan ya rasu a 2009, ya bar ta da wannan tsoro ita kaɗai.

Ritaya da rashin lafiya

Ta yi ritaya a 2015, shekarar da Auta ta yi aure. A farkon 2016 Auta ta samu ciki, kuma a cikin watan ne likitan ƙoda ya zaunar da marigayiya a ɗakinsa, ya nuna mata sakamakon gwajinta. Hawan jinin da ta daɗe tana fama da shi ya cinye mata ƙoda. Ya ce dole ta fara wankin ƙoda ba da jimawa ba, na'urar kuwa tana wani asibiti mai nisa, sai dai ta koma can da zama.

"Bari yarinyar nan ta sauka tukuna," in ji ta.

"Sista, ke kika koya mini cewa jinkiri ke kashe mutane. Jikinki ba zai kai ba."

"Zai kai. Kuma ban yarda ka gaya wa yarana ba. In Auta ta ji, hankalinta zai tashi, ka kuwa san abin da tashin hankali ke yi wa mai sikila."

Likitan ya yi faɗa, ya yi lallashi, a ƙarshe ya rubuta mata magani yana girgiza kai, domin sirrin majinyaci ba nasa ba ne.

Ta ɗauko Auta ta dawo da ita gida. Kullum da safe sai ta auna mata jini, ta duba idonta da tafin hannunta, ta tabbatar ta sha magani. Ta sa Babba ya yi gwaji ya zauna cikin shiri ko za a buƙaci jini. A hankali nata jikin ya fara ba da shaida. Ta cire zobenta da sabulu, ta koma sa tsofaffin takalman maigidanta, abinci ya daina zama mata. In ta hau matakalar ƙofa sai ta tsaya, ta yi kamar tana gyara mayafi. Yaran sun ga ta rame a fuska, sukan ce, "Umma, yaya jiki?" Sai ta ce, "Da sauƙi." Su kuwa hankalinsu ya kwanta, domin a saninsu wannan kalma ba ta fita daga bakinta sai in gaskiya ce. Kowane mutum a garin zai iya faɗinta a yi shakka, ban da ita.

Haihuwar Auta

Wata safiya, cikin yana wata na takwas, ta iske Auta zaune a ɗaki ta saki labule, ta dafe goshi.

"Auta, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Umma."

A wannan murya marigayiya ta ji muryar tata mahaifiyar. Ta jawo kujera ta zauna. "Ban da sauƙin fa?"

Auta ta ce, "Ba na son in ƙara miki wahala ne. Kaina kamar zai tsage, kuma dishi-dishi nake gani."

Marigayiya ta auna jinin, ta ga inda ya kai, ba ta sake aunawa ba. Alamar jijjiga ce, cutar da ke iya ɗauke uwa da ɗa a zama ɗaya. Ta kira mijin Auta ya kawo mota, ta kira Babba ya same su a asibiti. A hanya ta riƙe hannun 'yarta tana yi mata hira da murya a kwance, alhali ita kanta numfashi na gagararta. Likitoci suka yanke shawarar tiyata nan take. Ta nemi a bar ta ta shiga, aka yarda saboda tsohuwar ma'aikaciya ce, amma da aka kawo takalman ɗakin tiyata ba wanda ƙafarta ta shiga. Likitan ƙoda, wanda ya zo da jin labari, ya dubi ƙafar ya dube ta. Ta kawar da kai, ta koma ta zauna a bencin baranda, inda ta sha zaunar da mazajen wasu.

Ba ta san tsawon zaman da ta yi ba. Duk ƙofar da ta motsa sai ta yunƙura ta kasa tashi. Can wata ungozoma da ita ta horar ta fito ta durƙusa a gabanta ta ce, "Sista, mace ce. Uwar ma tana numfashi da kanta." A nan ne, a karo na farko a tarihin aikinta, aka ga hawayenta a cikin asibiti.

Bayan Auta ta farfaɗo an ƙara mata jini, marigayiya ta shigo ta tsaya a gefen gado riƙe da jaririyar. Auta tana kwance, idonta ya sauka a kan ƙafafun uwarta cikin takalman mahaifinsu.

"Umma, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Auta ta daɗe tana kallonta. "Ban da sauƙin fa?"

Marigayiya ta yi 'yar dariya, ta nemi kujera ta zauna, ta faɗa mata komai. Da ta gama ta ce, "Kullum ina jiran ɗayanku ya tambaye ni, kullum kuma ina addu'ar kada ya tambaya."

Rasuwa

A makon aka kai ta inda na'urar take, aka fara mata wankin ƙoda, amma jinkirin ya riga ya raunana zuciyarta. Ta yi jinyar watanni, 'ya'yanta suna karɓa-karɓa a wajenta, kuma ba ta sake ɓoye musu komai ba. Allah ya yi mata rasuwa a farkon shekarar 2017, da hantsi, tana da shekara sittin ba kaɗan. An yi mata sallah a ranar, aka binne ta kusa da maigidanta. Matan ɗakin ƙarshen baranda sun cika gidan har waje.

Ta rasu ta bar ƙanenta, wanda ya gaji keken ɗinkin mahaifinsu, da 'ya'ya uku: Babba, injiniyan ruwa, Ta-tsakiya, malamar makaranta, da Auta, wadda take raye cikin kulawa har yau. Ta kuma bar jikoki biyar. Ƙaramarsu ita ce 'yar Auta, wadda kakarta ta laƙaba wa Sauƙi tun a gadon asibiti, ta ce wannan kaɗai ta karɓa ba tare da ta ƙara tambaya ba. Allah ya jiƙanta da rahama.