Layin da Na Ƙi Karanta Masa

A gidanmu ni ce mai karanta takardu. Ba wai na fi maigidana ilimi ba ne, shi dai ba shi da haƙurin ƙananan rubutu. Duk wasiƙar da ta shigo, ta banki ce ko ta asibiti, zai juya ta gaba da baya, ya miƙo mini ya ce, "Maman yara, me kuma suke so?" Ni kuwa in saka tabarau in karanta masa. Shekara da shekaru haka muke a Greensboro ta ƙasar Amurka, kuma ban taɓa tsallake masa layi ba sai sau ɗaya.

Muna zaune ne a McLeansville, can bayan gari inda gidaje suke a warwatse. Ruwanmu na rijiya ne, famfon lantarki ke jawo shi. Ranar da iska ta kayar da bishiya a kan wayoyin layinmu, wuta ta tafi, ruwa ya bi ta. Kwana uku muka yi a haka. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, tun safe ina ɗaga manyan mutane ina juya su har la'asar, sai na dawo gida babu ko ruwan da zan watsa wa jikina. Ga firiza biyu a gareji cike da nama, don a ƙarshen mako ina yi wa mutane girkin biki, waina da miyar taushe da farfesu. A rana ta uku na ɗaga murfin firiza, wari ya mare ni. Na zauna a kan bokiti na yi kuka sosai. Mun baro Jos, mun ƙetare teku, mun tsufa a bakin aiki, ga ni kuma ina yawo da jarka ina roƙon ruwa a gidajen mutane.

Da na koma sayen wani naman, na ba Alhaji labari. Mutumin Maraɗi ne, yana da shagon nama a cikin gari, kuma duk Bahaushen da ke yankin ya san hanyar shagonsa, ɗan masallaci ne ko ɗan coci.

"Madam, ni yanzu kuran ya tafi ko ya zauna, ba ruwana," in ji shi, yana nufin wutar lantarki. "Na sa sola da batir. Gwamnati ta rage mini haraji, kamfanin kuran ma ya ba da nasa tallafin. Ungo takardar. Amma ki yi hanzari, an ce ƙofar ba za ta daɗe a buɗe ba."

Sai na faɗi wani abu game da maigidana, in ba haka ba ba za a gane abin da na yi ba. A Jos Injiniya ake ce masa. Aikinsa ke nan haɗa inbata da batura a gidaje da coci-coci da ƙananan asibitoci. Akwai likitan da ba ya yarda kowa ya taɓa masa waya sai shi. Da muka zo nan aka ce takardunsa ba sa aiki, sai ya koma makaranta daga farko. Da yara uku a hannu, wace makaranta? Ya shiga wani katafaren sito yana ɗaga kwalaye, wai na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan har furfura ya haifa. Yaran suka girma suka watse, aka bar ni da mutumin da zai dawo ya ci tuwo ya yi gyangyaɗi a gaban talabijin. Ba ya faɗa da ni, ba ya kuma dariya. Wani lokaci har nakan tsokane shi don dai in ji muryarsa ta ɗaga, amma sai ya ce "to" kawai.

Ranar Lahadi bayan mun dawo coci na zauna na fara karanta masa takardar Alhaji. Ban kai rabin shafin farko ba na ga ya gyara zama. Ya tambaye ni girman batirin da suke magana a kai. Ya sa na maimaita. Ya tashi ya ɗauko biro da bayan wani ambulan, ya fara zane.

"Wannan ai aikina ne," in ji shi. "Ko barci nake zan haɗa shi. Mu biya kamfani? Mu da muka haɗa wa asibiti wuta? Ci gaba, Maman yara, ci gaba."

Na juya shafi na biyu. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa ba a ba da tallafin sai idan mai lasisi ne ya yi aikin, daga cikin kamfanonin da aka amince da su, kuma sai an karɓi izini kafin a ɗaura ko waya ɗaya. Na karanta layin a zuciyata sau biyu. Na ɗaga kai zan faɗa, sai na ji yana rera wata tsohuwar waƙar coci a hankali, kansa a sunkuye, biro yana gudu. Na manta rabon da in ji shi yana waƙa. Na sauke idona na wuce zuwa layin da ke biye.

Ba mantuwa na yi ba, kuma ba zan ce Turancin ne ya fi ƙarfina ba. Da sanina na tsallake.

Abin da na shirya a raina mai sauƙi ne. Tunda ni ce mai cike fom, zan bar shi ya gama aikinsa, in ya so daga baya in ce masa mun nema ba mu dace ba. Tallafi ya tafi, amma za mu sami wuta, ni kuma in sami mijina. A lokacin na ɗauka dabara ce ta manyan mata.

Wata huɗu ya yi yana aikin, Asabar bayan Asabar. Ya sayo farantan sola na hannu a wurin wani manomi a Pleasant Garden, ya yi odar batura ta waya, ya tono tsohuwar jakar kayan aikinsa da muka sha ɗauka daga gida zuwa gida ba a buɗe ba. Mutumin da sai na ja bargo yake tashi, yanzu shi ke riga ni farkawa. Ya kafa katako a bangon gareji, ya jera wayoyi ja da baƙi a miƙe kamar kitso, kowace da sunanta a rubuce a ɗan farin tef. In na kai masa shayi sai ya ce, "Hajiyar takardu, kada ki taɓa min nan, wuta ba ta san matar Injiniya ba." In ce masa tun yaushe na zama Hajiya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Mazan cocinmu suka riƙa zuwa kallo. Wani dattijo ɗan Kafancan ya tsaya ya daɗe yana duban bangon, ya ce, "Ashe da gaske ne da ake ce maka Injiniya."

Ranar da ya gama, da tsakar rana ya kira ni. Ya kashe babban makunnin gidan da hannunsa, ya ce in buɗe famfo. Ruwa ya zubo. Firiza tana ta gurnaninta kamar ba abin da ya faru. Ya tsaya yana kallona, hannu a ƙugu, yana jiran in yaba. Na yaba, har da guɗa. Amma ni na san abin da ya rage.

Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne ya ce shi zai kai takardun neman tallafin ofishinsu da kansa. Tun da muka yi aure bai taɓa shiga ofis da fom a hannu ba. Amma wannan karon ya ɗauki hotunan aikinsa, ya sa aka wanke su manya-manya, ya ce yana so ya ga fuskarsu idan suka gani. Na ce ya bari, layi yana da tsawo. Ya ce ya ɗauki hutu. Na ce ai ta waya ake turawa yanzu. Ya ce shi ƙafa zai taka. Nan ne ya kamata in buɗe baki. Maimakon haka sai na goge masa farar rigarsa ta coci.

Ya dawo da fara'arsa. Wai sun tambaye shi lambar izini, ya ce ba shi da ita, suka ce za su turo sufeto ya duba. Shi a ganinsa jarrabawa ce, kuma bai taɓa faɗuwa jarrabawar waya ba. Har share garejin ya yi.

Sufeton ya zo wata Talata da hantsi, wani dattijon Bature mai magana a hankali. Ya haska tocila, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya miƙe. Ya tambaya wa ya yi aikin. Maigidana ya dafa ƙirji. Sufeton ya ce ya daɗe bai ga aiki mai tsabta irin wannan ba, kuma na ga alama har zuciyarsa ya faɗa. Sannan ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce baturan ba su da tambarin da doka ta yarda a ajiye su a jikin gida, kuma an yi aikin ba izini, don haka dole a kwance. In gobara ta tashi, kamfanin inshora ba zai dube mu ba. Tallafi kuwa, ko da komai ya yi daidai, sai kamfani mai lasisi.

"Yana cikin takardar ai," in ji shi. "Shafi na biyu, daga ƙasa."

Maigidana ya yi masa godiya, ya raka shi har mota. Bai kalle ni ba. Da ya dawo ya zauna a teburin kicin ya ce in ba shi takardar, in kuma ara masa tabarauna. Ya bi shafin da ɗan yatsa, a hankali, leɓensa yana motsi. Ina tsaye a bakin murhu na ga inda yatsan ya tsaya.

"Kin ga wannan layin?"

"Na gani."

"Yaushe?"

"Tun ranar farko."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Don me, Maman yara?"

"Waƙa kake yi," na ce. "Na daɗe ban ji ba."

Ya ninke takardar ya ture ta gefe. Sannan ya ce, "Wato ni yaro ne. An ba ni abin wasa don in daina damun mutane."

Nan raina ya ɓaci, don ni ma ba dutse ba ce. Na ce masa shekara nawa ina zaune da mutum kamar baƙon da ya zo jiran mota. Na ce na gaji da juya tsofaffi a wurin aiki in dawo gida in tarar da wani wanda shi ma sai an juya shi. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu gaskiya ne, wasu zafin rai ne kawai. Ya saurare ni har na gama, ya ce "to".

Asabar da ta biyo baya ya kwance aikin da hannunsa. Wani ɗan cocinmu ya ce zai zo ya taya shi, ya ce a'a. Yini guda ya yi, yana cire waya yana naɗe ta da kyau yana ɗaurewa. Na kai masa shayi, ya ce in ajiye. Da na koma da la'asar shayin yana nan ya yi sanyi, bangon kuma ba komai sai ramukan ƙusa.

Shi ya ce in kira kamfani mai lasisi, tunda firizata ba ta yi laifin komai ba. Ranar da za su zo ya nemi ƙarin aiki a sito ya fita tun da sassafe. Mutum biyu suka zo, mutanen kirki ne, suka kafa wani farin akwati a bango kafin azahar. Wayarsu ɗaya ta ɗan karkace, ni da ba Injiniya ba ma na gani. Sufeto ya dawo ya sa hannu. Na cike fom, tallafin ya fito kafin a rufe ƙofar, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Da aka sake yin iska wuta ta tafi, ruwa bai yanke ba, nama bai lalace ba. Matan zumuntar cocinmu suna ta cewa na ji daɗi. Nakan ce musu mun gode Allah, don gaskiya ne, amma ban ji daɗin da suke zato ba.

Ba ya shiga garejin yanzu. Motarsa ma a waje yake ajiyewa, ko ana ruwa. Wasiƙu kuwa ya daina miƙo mini. Ya sayi nasa tabarau, yakan zauna ya yi rabin awa a kan takardar da zan karanta a minti biyu, kuma ba ya tambayata komai. Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Kullum sai ya ce ya wuce.

Kwanan baya ƙwan fitilar kicin ya mutu ina cikin yanka albasa. Na leƙa falo na ce, "Baban yara, zo ka canza min ƙwai."

"Ki kira mai lasisi," in ji shi. Ba da gatse ya faɗa ba, da ma gatse ne da na sami abin ramawa.

Na jawo kujera na hau, da gwiwoyina da suke ƙara. Ina miƙa hannu kujerar ta yi rawa. Sai na ji ta tsaya cak. Na duba ƙasa, ga shi ya zo ya riƙe ta da hannu biyu, kansa a sunkuye yana kallon ƙasa. Haka ya riƙe har na murɗa sabon ƙwan na sauko, bai ɗaga kai ya ga ko na saka daidai ba.