Mai Neman Rim Inci Goma

Mai taya yana kallon baƙon ta wutsiyar ido. Riga fara fat, ga ƙamshin turare, amma ya durƙusa gaban a-kori-kurarsa yana auna faɗin rim da kansa, yana ta waiwayen titi.

"Wannan ya yi siriri, maigida. In na ɗora masa babbar taya, na sha kwana a guje da kaya, ficewa za ta yi. Ba ni mai inci goma."

"Wane irin kaya, Alhaji?"

"Na gona."

Mai taya ya dubi tafin hannun baƙon, ba kanta ko ɗaya. Shekara talatin yana hulɗa da manoma, bai taɓa ganin mai tserewa da masararsa ba.

"Ya ƙare," ya ce, alhali a kan mai inci goman yake zaune.