Ranar da Biro Ya Kusa Cinye Tafiyar Antatika

Har gobe ban manta da wata safiyar Litinin ba, a shekarata ta farko a ɗakin binciken halittun teku a nan Landan. Lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne, aikina wanke kwalabe da jera samfur. Shugabarmu, Dakta Helen, ta dawo daga Antatika, yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, bayan wata uku a jirgin ruwa, da akwatuna cike da kwalaben kiril jiƙe a sifirit.

Ga wanda bai sani ba, kiril ɗan jatan lande ne da bai wuce ɗan yatsa ba. Ganina da shi na farko na tuntsire da dariya, na ce ai irinsa ake saye a kasuwar Woolwich a zuba a miya. Ta zaunar da ni ta ce shi ke cin gansakukar da ke ƙarƙashin ƙanƙara, shi kuma tsuntsayen fengwin da manyan kifayen whale ke ci. In ya ragu, kowa a tekun nan zai kwana da yunwa. Aikinta ta gano ko yana raguwa a inda ƙanƙara ke narkewa. Shi ya sa kowace kwalba ke da 'yar takarda a ciki mai ɗauke da wuri da rana da zurfin ruwa. In babu ita, kwalbar ta tashi a banza.

To, da fensir aka rubuta takardun, rubutu kamar tonon kaza. Ni kuwa ina ji da hannuna. Ran Juma'a, babu wanda ya sa ni, na ciro su na sake sababbi da biro tsaf-tsaf, na tafi gida ina jiran yabo.

Litinin ina shiga, innalillahi! Sifirit ya shanye tawadar tas. Ruwa ya yi shuɗi, takardu fari fat. Na je na faɗa wa Dakta Helen da bakina.

Ta ce, "Sani, an kwashe shara tun Juma'a, ko?"

Na ce, "Dakta, tsofaffin takardun suna aljihun teburina."

Mu a gidanmu a Zariya ba a jefa rubutacciyar takarda a shara. Mahaifina ko a hanya ya tsinta sai ya soke ta a bango, kar a taka sunan Allah. Haka na jera su ɗaya kan ɗaya, yadda na ciro su daga kwalaben bi da bi.

Na ɗauka an gama. Ina! Ta ɗauko littafin da ta cika a jirgi, muka yi kwana huɗu muna ƙirga kiril ɗin kowace kwalba, muna gwadawa da abin da ta rubuta. Duk suka dace, sai biyu da muka kasa bambancewa. Su ne na wuri mafi nisa, inda ta yi mako biyu, ta kuma fi shan wuya. Na roƙe ta mu bi jerin kawai, tunda kusan tabbas daidai ne.

Ta ce, "Kusan ba ya shiga rahoto." Da hannunta ta cire su daga binciken.

Ku yaran yanzu da kuke ƙorafin dokokin wurin nan sun yi yawa, ranar na san da irin mutanen da nake aiki. Matar nan ta yafe mako biyu na sanyin da ta sha a kan teku don kar ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Ni na jawo mata asarar, kuma har ta yi ritaya ba ta taɓa yi mini gori ba.