Ɗan'azumi Mai Kai Markaɗe

Ɗan'azumi ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya kira shi mahaukaci a gabana sai mun raba hali. Bai taɓa jifan kowa ba, bai taɓa tuɓe riga a titi ba. Jikin ne ya girma, hankalin ya tsaya a na ƙaramin yaro. Inna ta ce zazzaɓi ne ya kama shi yana goye har ya sandare, da ya farfaɗo shi ke nan. Ya yi gemu, murya ta buɗe, amma in ka ba shi alewa sai ya ɓoye rabi ya ce na Yaya Rabi ne, wato ni.

A injin markaɗen Alhaji Shehu yake aiki, nan Gyadi-Gyadi. Shi ke ɗaukar bokitin gero da na wake ya kai gida-gida. Duk unguwar shi kaɗai ne ƙato mai gemu da zai shige gidan da aka rubuta "Ba a shiga" kai tsaye. Matan aure ko mayafi ba sa ja, sai dai su ce, "Ai Ɗan'azumi ne."

To, akwai wani amfanin da unguwa ta samo masa. In tulu ya fashe, in an bar ƙofa akuya ta cinye shanyar maƙwabciya, in yaro ya ɓarar da markaɗe, sai a ce Ɗan'azumi ne. Shi kuwa ya durƙusa ya ce, "Ni ne, a yi haƙuri." Mai kaya ya yi tsaki, ya yi dariya, magana ta mutu. Malamai sun ce alƙalami a ɗage yake a kan irinsa, wa zai kama shi da laifi? Rigima nawa ya kashe a haka, Allah kaɗai ya sani. Shi ma daɗi yake ji, don bayan nan ba ya rasa ƙosai.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, gari ya cika da kamfe. Lawan, ɗan Alhaji Shehu, ya zama ɗan bangar siyasa, kullum ido jajir. Wata rana bayan azahar ya kama gardama da wani ɗan acaɓa mai suna Inuwa, baƙo daga ƙauye, wai ya yaga fastar da ke jikin bangon injin. Lawan ya zari ƙarfen da ake murɗawa inji ya tashi, ya maka masa a ƙeya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Dattawan layin suka taru a zauren Alhaji, suka yanke abin da suka saba yankewa. A ce Ɗan'azumi ne. Wallahi ban ce dukansu mugaye ba ne, har zuciyarsu sun ɗauka hukuma ma za ta yi tsaki ta yi dariya. Ina gidana a Darmanawa labari ya same ni. Na iso na tarar da Inna zaune da carbi, ta ce, "Rabi, kwantar da hankalinki. Alhaji ya ce kwana biyu ne su sako shi, ai ba a hukunta irinsa."

Na ce, "Inna, wannan ba tulu ba ne, rai ne!"

A gaban 'yan sanda Ɗan'azumi ya durƙusa ya faɗi abin da ya iya faɗa. Suka rubuta, suka kama yatsansa suka dangwala. Aka rantsar da farar hula, ana ta kiɗa a titi, shi yana tsare. Lauyan da aka ba mu kyauta ya roƙi a kai shi wurin likita. Likita ya tambaye shi sunansa ya faɗa, ya tambaye shi unguwarsu ya faɗa, sai ya rubuta cewa ba mahaukaci ba ne. Ai ni ma na san ba mahaukaci ba ne! Amma ashe a wurinsu mutum iri biyu ne kawai, mai hankali da mai bin bola. Wanda ke tsakani ba shi da wurin tsayawa.

Alƙali ya ce shari'ar rai sai da shaidu. Na ce alhamdu lillahi, yau gaskiya za ta fito. Ina! Waɗanda suka zauna a zauren nan sun ga in suka janye maganarsu su za a kama. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, da manyan riguna, suka ce shi ne. Lawan kuwa tuni an tura shi Legas. Da aka karanta hukuncin rataya, Ɗan'azumi ya waiwayo yana mini murmushi, ya ce, "Yaya, an gama? Mu tafi?"

Ban manta da Inuwa ba. Na ga uwarsa a kotu, tsohuwa da silifas wari da wari, haƙƙin ɗanta take nema kuma tana da gaskiya. Amma ko da Ɗan'azumin ne ya ɗaga ƙarfen, me aka rama in an rataye wanda bai san don me ake rataye shi ba? Mutumin da har yanzu yake tambaya yaushe Baba zai dawo daga maƙabarta. Na faɗi wannan a ofis-ofis har muryata ta dushe. Kowa ya ce abin tausayi ne, Hajiya, ki dawo wani satin. An ce mulkin jama'a ya dawo, to ƙanina ba ya cikin jama'ar, ina ji.

Na je gidan Alhaji Shehu na tsaya a ƙofar zaure. Ya ƙi haɗa ido da ni, ya ce, "Rabi, ƙaddara ce." Na ce, "Alhaji, ƙaddarar da aka zauna a kan tabarmarka aka shirya? Allah ya isa." Inna ba ta ƙara shekara ba, baƙin ciki ya tafi da ita.

Shekaru ke nan ina kai wa Ɗan'azumi tuwo gidan yari. An ce ba a ratayewa sai wani babba ya sa hannu, kuma ba su cika sawa ba, da wannan nake barci. Jiya na je, ya fito da sauri, baki har kunne.

"Yaya, albishirinki! An auna ni."

Na ce, "Wane irin awo?"

"Na hau sikeli, an auna tsawona, har da wuyana. Kayan Salla za a ɗinka mini."

Mu masu zuwa ziyara mun san awon nan. Don igiyar rataya ake yin sa. Na dubi gandiroban da ke tsaye, ya kau da kai.

Ɗan'azumi ya matso ya rage murya. "Yaya, ni kunyarsu nake ji. Ke ki gaya musu shuɗi nake so."