Safiyar da Bakin Yelwa Ya Karkace

Yelwa ta zo Yamai daga Tawa tana amarya. Da mijinta ya rasu, sai ta kama dafa abincin taro, kuma da wannan sana'a ta raini ɗiyarta Balkissa har ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko. A unguwar Talaje, in ana biki ko suna, Yelwa ce kan tukwane, tana raba umarni da Hausa da Zabarmanci, ana jin muryarta har bakin titi. Ko da tsufa ya kama ta, hawan jini ya zauna mata, ba ta yarda wata ta ɗanɗana mata gishiri ba.

Wata damina ta zame a makewayi, ƙashin ƙugunta ya karye. Ta ce a kira mata maɗori. Balkissa ta durƙusa gabanta tana kuka.

"Inna, wannan ba ta ɗori ba ce. Ki bari a yi miki aiki."

Don hawayen nan ta yarda. Likita bai ɓoye musu ba: ya ce a shekarunta, ga kuma hawan jini, bayan irin wannan aiki jini na iya daskarewa ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Yelwa ta ce, "Allah Ya zaɓa mana mafi alheri."

Aiki ya yi kyau. Ta koma gida, har ta fara takawa da sanda, tana cewa bikin jikar Rahama, maƙwabciyarta, ita za ta dafa, ko a zaune ne.

Ran nan da safe Balkissa ta miƙo mata kunu. Yelwa ta ga kofin, ta aika hannun dama, hannu bai je ba. Ta buɗe baki ta ce wani abu ya same ta, sai ta ji wani sauti da ba nata ba. A fuskar ɗiyarta ta gane bakinta ya karkace.

Kafin a samo taksi a isa asibiti, ɓarin jikinta ya shanye.

Ta rayu, amma magana ba ta dawo ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Balkissa, wadda kullum in tana goge mata jiki sai ta ce, "Ni na jawo miki, Inna. Ki yafe mini." Yelwa na so ta daka mata tsawa, ta ce ba laifinta ba ne. Iyakarta ta damƙe hannun ɗiyar da hagu, ita kuwa sai ta ɗauka ciwo ne ya motsa, ta tashi neman magani.

Da aka yi bikin gidan Rahama, an aiko mata da shinkafa. Gishiri ya yi yawa. Ta haɗiye, ta juya fuska bango.